Dawo da Launin Zanen Bangon Rumawa a Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da na nuna wa mutane hoton wani ɗaki na Pompeii, tsohon birnin Rumawa a ƙasar Italiya, jan bangonsa yana ƙyalli kamar jiya aka shafa, tambayar farko ita ce: "Haka yake da gaske, ko gyara shi kuka yi?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba kowane mai yaɗa irin waɗannan hotuna ke amsa ta tsakani da Allah ba. Na tattaro ta da 'yan'uwanta a nan.

Me ake nufi da dawo da launi a kwamfuta? Bangon ake sake shafa wa fenti?

A'a, ba a taɓa bangon. A kan hoto ake aikin, kuma hawa uku ne. Na farko shi ne hoton da ya nuna bangon yadda yake yau, da tsagewarsa da dattinsa. Na biyu shi ne gyaran da awo ya tabbatar: an gano cewa baƙin wurin nan asalinsa ja ne, sai a mayar da shi ja a hoton. Na uku shi ne hasashe, inda shafen ya zube gaba ɗaya, mutum ya cike gurbin da abin da yake ganin ya dace. Dukkansu suna da amfani. Ɓarna tana shigowa ne idan aka cakuɗa su a hoto guda, aka miƙa wa jama'a ba tare da an ce ga wanda ido ya gani, ga wanda aka auna, ga wanda aka zata ba.

Ta yaya fenti zai kai shekara kusan dubu biyu bai goge ba?

Saboda ba a saman bango yake zaune ba, a cikinsa yake. Rumawa suna shafe bango da kwaɓin ƙonannen dutsen farar ƙasa da yashi, su bi da wani kwaɓin mai garin marmara, sannan mai zane ya ɗora launi tun shafen yana ɗanye. Yayin da yake bushewa, farar ƙasar tana shan iskar kabon ta koma dutse kamar yadda take tun asali, ta kulle launin a ciki. Vitruvius, masanin gini na zamanin sarki Augustus, ya ce a yi shafe uku na yashi da uku na marmara, kodayake yawancin gidaje ba su kai haka ba.

Sai kuma dutsen Vesuvius da ya yi aman wuta a shekara ta 79 miladiyya, ya binne Pompeii da Herculaneum da Stabiae da Oplontis. Abin da ya hallaka mutanen shi ya tsare bangayensu daga rana da ruwan sama. Lalacewa ta fara ne bayan an tone su, Herculaneum daga 1738, Pompeii daga 1748. Zane da yawa da masu tono suka gani garau yanzu sai inuwarsu. Shi ya sa kwafin da masu zane suka yi da hannu a ƙarni na 19, irin wanda 'yan gidan Niccolini suka yi ta bugawa daga 1854 zuwa 1896, ya zama shaida mai daraja. Amma su ma sukan ƙawata abin da suka gani, don haka a kan riƙe su da taka-tsantsan.

To idan ya jure haka, me ya sa ake cewa launin da muke gani ba shi ne na asali ba?

Nan ne zancen ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Ka ɗauki ja ɗin nan da ya yi suna har ake kiransa jan Pompeii. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gashin tukwane ya san yumɓu yakan shiga wuta da wani launi ya fito ja. Haka rawayar ƙasa take: idan zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, ruwan da ke cikin ma'adininta yakan fice, ta koma ja. Iska mai zafin da ta sauko daga Vesuvius ta yi wa bangaye da yawa wannan gashin. Wani bincike na cibiyar nazarin haske ta ƙasar Italiya, wanda Sergio Omarini ya jagoranta aka bayyana a 2011, ya ƙirga bango 246 da ake gani ja da 57 rawaya, ya ce asalinsu 165 ne ja, 138 rawaya. A Herculaneum akwai bangon da za ka ga rawaya tana narkewa ta koma ja a tsakiyar fili guda, ba layi ba iyaka. Ba mai zane ya yi haka ba, wuta ce. Wanda ya ɗauki wannan hoton ya ƙara wa jan ƙarfi da sunan dawo da asali, ya ƙara nisanta shi daga asalin ne.

Akwai kuma wani jan mai tsada, sinaba, wanda haɗin zaiba ne da farar wuta. Daga ma'adinan Sisapo na ƙasar Sifaniya ake kawo shi, kuma Pliny Babba, wanda shi ma ya rasu a wannan aman wutar, ya rubuta cewa hukuma ta ƙayyade kuɗinsa kada ya wuce sestertius 70 (kuɗin Rumawa) kowace laba. Ya ma tona asirin masu zane: sukan riƙa wanke burushi a ruwa akai-akai, jan ya kwanta a gindin kwano, su tafi da shi gida. Aibin sinaba shi ne yana baƙi. Vitruvius ya ba da labarin wani magatakarda mai suna Faberius da ya shafe farfajiyar gidansa a Rum da shi, cikin kwana 30 bangon ya dushe ya yi dabbare-dabbare. A 2006 masu bincike a Grenoble ta Faransa suka duba gutsattsarin bango daga yankin Vesuvius, suka samu sinadarin kulorin da na farar wuta a wuraren da suka yi baƙi.

Ƙara da kakin zuma da masu gyara na baya suka riƙa shafawa don launi ya fito. Ya fito ɗin, amma daga baya kakin ya sha ƙura ya yi duhu. A gidan da ake kira Villa dei Misteri, wanda aka fara tonewa a 1909, sai da aka sa hasken leza wajen cire irin wannan dattin a gyaran da aka kammala a 2015. Gishirin da danshi ke fitowa da shi kuwa fari-fari yake shimfiɗawa a kan komai, kamar hazo.

Yaya ake ɗaukar hoton da za a iya dogara da launinsa?

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin ƙimar ido ba ta isa, sai an kawo mudun. Mudun shi ne katin launi, wani ɗan allo mai murabba'ai 24 da aka san ainihin awon kowannensu. Ana riƙe shi kusa da bangon, ba a jingina shi a jiki, a ɗauke shi cikin hasken da za a yi aiki da shi. A kwamfuta sai a daidaita hoton har murabba'an su koma awonsu, launin bangon ya bi sahu.

Na ga muhimmancinsa a wani gidan tarihi inda taga ke kawo hasken rana ta hagu, ƙwan lantarki mai ja-ja yana haskawa ta dama. A wurin ido bai ga komai ba, domin ƙwaƙwalwa tana gyara wa mutum. Da na buɗe hotunan, farin mayafin matar da ke zanen ya fito shuɗi-shuɗi a kafaɗa ɗaya, ɗayar kuma kalar manja. Kati ɗaya ba ya gyara haske iri biyu. Sai da aka rufe tagar aka kashe ƙwan, aka kafa fitilu biyu iri ɗaya hagu da dama, kowace tana kallon bangon a karkace, sannan farin ya zama fari.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin JPEG yana zubar da bayanai kuma waya tana ƙara wa launi gishiri da kanta. Kyamara ta fuskanci bango kai tsaye a kan ƙafarta. Idan bangon yana ƙyalli, a sa matatar haske a bakin fitilu da wata a bakin kyamara, a juya ta har ƙyallin ya mutu. A adana asalin fayil ɗin inda ba za a taɓa shi ba, a yi aiki a kan kwafi.

Na ga hoton wani yana yawo da fitila, ga baƙin ƙwallo a gefen bango. Me yake yi?

Yana karanta fatar bangon ne. Kyamara tana tsaye wuri ɗaya, shi kuma yana matsar da fitila yana ɗauka, sau arba'in ko fiye, da igiya a hannu don nisan fitilar ya zama ɗaya kullum. Ɗigon hasken da ke bayyana a jikin ƙwallon shi ke gaya wa manhaja daga ina hasken ya zo. Sakamakon hoto ne da za ka iya juya haskensa da yatsa. Tom Malzbender da abokan aikinsa a kamfanin HP suka fito da dabarar a 2001, yanzu ana kiranta RTI.

Idan haske ya kwanta a jikin bango sai ka ga abin da zane ya ɓoye: layin da aka karta da tsinke, ramin da ƙafar kamfas ta huda, gaɓar da shafen yau ya haɗu da na jiya, har wurin da fenti ya goge amma burushi ya bar sawunsa. Wannan sawun shi ke ba mai gyara hujjar cewa akwai ganye ko yatsa a nan.

Gaskiya ne kyamara tana iya ganin launin da ido ba ya gani?

Gaskiya ne, kuma babu misalin da ya kai shuɗin Masar. Misirawa sun haɗa shi fiye da shekara 4,500 da suka wuce, ta hanyar gasa yashi da jan ƙarfe da farar ƙasa da kanwa, kanwar nan dai da muka sani. Rumawa suka gaje shi, Vitruvius ma ya ambaci wani Vestorius da ya kafa masana'antarsa a Puteoli, kusa da Napoli.

Wannan shuɗin yana da wata baiwa. Idan ka haska shi da haske na yau da kullum, musamman ja, yakan mayar da wani haske na infirared, wajen nanomita 910, wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. Sai a samu kyamarar da aka cire mata matatar da ke tare infirared, a sa mata wadda ke tare hasken da ido ke gani, a duhunta ɗakin, a kunna fitilar LED. A hoton komai baƙi ne wuluk, sai wuraren da shuɗin yake su fito fari fat. Ko da 'yan ƙwayoyi ne suka maƙale a cikin tsaga, za su haska kamar taurari. Giovanni Verri ne ya bayyana wannan hanya a 2009 yana aiki a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan.

Ranar da na fara ganin irin wannan hoton na daɗe ban yi magana ba. Bango ne toka-toka, babu abin kallo, amma a allo sai ga sararin sama da gefen riga sun bayyana. An kuma gano masu zanen suna zuba ɗan shuɗin cikin fari da kore da launin fatar mutum don su sanyaya shi. Sai dai a kula: hoton ya nuna inda shuɗin yake, bai nuna kaurinsa ko turuwarsa ba. Wannan sai an gwada da wuraren da ya tsira sosai, irin shuɗin ɗakin ibadar da aka tono a Pompeii a 2024.

Sauran launuka ana bin su da na'urar XRF, wadda ke faɗin ƙarfen da ke cikin fenti ba tare da an kankari bango ba. Ta ce zaiba, sinaba ne ko da ya yi baƙi. Ta ce baƙin ƙarfe, ƙasa ce, ja ko rawaya.

Daɓen tsakuwa fa? Shi ma launinsa yana gudu?

Ba kamar na bango ba. Mozayik daɓe ne da ake jera 'yan ƙananan duwatsu masu launi a kan kwaɓi har su ba da hoto, kuma launin dutse nasa ne har ciki. Abin da ke dusashe shi ƙura ce, da ɓawon farar ƙasa, da tsohon kaki ko siminti na gyaran baya. Na gilashi, da ake sawa don shuɗi da kore, su ne ke ruɓewa su yi fari.

Wahalar a nan girma ce. Daɓen Iskandar, mai hoton sarki Iskandar Mai Girma a fagen yaƙi, wanda aka samu a Pompeii a 1831 aka kai Napoli a 1843, tsawonsa mita 5.82 ne, faɗinsa mita 3.13, tsakuwarsa ta haura miliyan ɗaya da rabi. Hoto guda ba zai nuna kowace ƙwaya ba. Sai a ɗauki ɗaruruwa daga sama, kowane ya hau kan na kusa da shi da wajen kashi biyu cikin uku, a ajiye ma'auni a gefe, manhaja irin Metashape ko Meshroom ta ɗinke su ta fitar da shimfiɗa madaidaiciya wadda za a iya awo a kanta.

Kuma ba sai an tsallaka teku ba. Daga cikin mafi kyawun daɓen Rumawa a nahiyarmu suke: gidan tarihin Bardo a Tunis, daɓen Zliten na Libiya, da na Volubilis kusa da Meknes a Maroko. Na Volubilis ɗin har yau suna kwance a inda aka jera su.

An ce idan aka watsa ruwa launin yakan fito. In yi haka kafin in ɗauka?

Kada ka yi. Launin yana fitowa kam, amma ruwan yana narkar da gishiri ya kai shi ƙarƙashin tsakuwa, in ya bushe ya ɗaga ta. Matatar haske da na ambata tana ba da kusan wannan sakamakon ba tare da ɗigo ɗaya ba.

Inda zane ya zube gaba ɗaya, ya halatta a cike?

Ya halatta idan an nuna cikon. Masu gyaran Italiya sun daɗe da warware wannan. A cibiyar gyaran kayan tarihi ta Rum, wadda Cesare Brandi ya shugabanta tun kafa ta a 1939, sukan cike gurbi da siraran layuka a tsaye: daga nesa hoton ya haɗu, ka matso ka ga sabon hannu. A kwamfuta abin ya fi sauƙi. Kowane gyara yana da shimfiɗarsa da za a iya kashewa, a yi wa hasashe launi mara ƙarfi ko a zagaye shi da layi, a rubuta dalilin kowane zaɓi. Yarjejeniyar Landan kan nuna kayan tarihi da kwamfuta, da aka fara tsarawa a 2006, wannan rubutun dalilin ta fi nanatawa.

A ganina ado mai maimaituwa, kamar saƙar igiya a gefen daɓe, ba laifi a ci gaba da shi tunda tsarinsa ya bayyana. Fuska kuwa ban yarda a ƙirƙira ba. Wani mutum ne ya tsaya gaban ɗanyen shafe yana sauri kafin ya bushe, ya zana wannan idon yadda ya ga dama. In idon ya tafi, ya tafi, kuma ɗora masa wani da sunansa zalunci ne ga mamacin da ba zai iya musantawa ba.

Ƙirƙirarriyar basira ba za ta yi wannan duka cikin minti ɗaya ba?

Za ta ba ka hoto mai kyau cikin minti ɗaya, amma ba ta auna bangon ba. Daga hotunan da ta saba gani take cikewa, don haka gasasshiyar rawaya za ta bar ta ja, ta gyara hanci ya koma irin na mutanen yau. Inda take da amfani na gaske shi ne aikin haɗa gutsattsari. Shirin RePAIR da aka fara a 2021 ƙarƙashin jami'ar Ca' Foscari ta Venice ya sa kwamfuta da hannun mutum-mutumi su nemo waɗanda suka dace da juna cikin dubban ɓaraguzan zane a Pompeii, ciki har da na rufin gidan da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka farfasa a 1943, da na ginin Schola Armaturarum da ya rushe a 2010. A nan ɓallin da ke hannu shi ne alƙali: ko ya shiga gurbin ko bai shiga ba.

Da wane haske su Rumawan suke kallon zanen nan?

Tambayar da ba a cika yi ba ke nan. Ɗakunansu ƙananan tagogi gare su, da dare kuma fitilar man zaitun ce, irin aci-balbal. A 2024 an tono wani babban ɗakin cin abinci a Pompeii mai baƙaƙen bangaye, da hoton Helen da Paris, mace da namiji na tatsuniyar Girkawa, a jiki, kuma shugaban wurin, Gabriel Zuchtriegel, ya bayyana cewa an yi su baƙi ne don kada hayaƙin fitila ya nuna. Ka ƙiyasta harshen wuta yana rawa a kan gogaggen bango, mutanen da ke zanen suna kamar motsi. Hoton da aka daidaita da farin haske ya faɗi gaskiyar fentin. Yadda mai gidan ya gan shi kuwa wani hoto ne daban, wanda ake ginawa a ɗakin kwamfuta mai fuska uku da fitilar kwaikwayo. Duka biyun suna da kyau matuƙar an rubuta wanne ne wanne.

Ni da ba ni da komai sai waya, akwai abin da zan iya?

Akwai. Tun 2014 dokar Italiya ta yarda baƙo ya ɗauki hoto a gidajen tarihin gwamnati don amfanin kansa ko karatu, ba filashi, ba ƙafar kyamara. Na kasuwanci sai da izini. Ka kashe duk wani tsarin ƙawata hoto, ka kunna RAW idan wayar tana da shi, ka ɗauki allon bayanin da ke gefe don kada sunan wurin ya ɓace maka. In ka ƙara launi kafin ka tura wa mutane, ka faɗa, ka haɗa da na asalin.

Akwai kuma manhajar DStretch da Jon Harman ya fitar a 2005, wadda ke tsananta bambancin launukan da suka dushe har siffa ta fito. Launukan da take bayarwa na ƙarya ne da gangan, don gano siffa ake amfani da ita. Asalinta don zanen kan duwatsu aka yi ta, saboda haka mai sha'awar gwadawa yana da wurin farawa a gida: shanun da aka zana da ja a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu.

A ina mutum zai ga irin wannan aiki a kan ginin kansa?

A Rum akwai Domus Aurea, fadar da sarki Nero ya gina bayan gobarar shekara ta 64, wadda daga baya aka cike ta da ƙasa aka yi gini a kanta. Yau ɗakunan suna ƙarƙashin ƙasa, da sanyi da danshi. Tun 2017 baƙo yakan zauna a ɗaya daga ciki ya sa tabarau na kwamfuta, ya ga rufin da launinsa da hasken rana yana shigowa, sannan ya cire ya dubi abin da ya rage. A gidan tarihin Metropolitan na New York kuma, a farkon 2016, an haska launuka da majigi a kan sassaƙen haikalin Dendur, wanda aka gina a Masar zamanin Augustus, ambaliyar Nilu ta wanke fentinsa. Sun dogara da bayanan masu binciken da suka ga ragowar launin kafin ya tafi, da wasu haikalai na zamaninsa. Majigin yana ɗora launin a hankali a kan hoton sarkin yana miƙa hadaya, ya ɗan tsaya, sannan ya janye, dutsen ya koma launin yashi.